Baƙon Soja da Ƴan Ta'adda: Tambayoyin da Ake Yi a Tawa da Amsoshinsu

Tun da sojojin Faransa suka kwashe komatsansu daga Yamai a watan Disamba 2023, na Amurka kuma suka bi sahu a 2024, da wuya ka zauna a wata fada a garin Tawa a sha shayi na ɗaya da na biyu ba a taɓo wannan magana ba. Wannan ya ce Turawa ne suka ƙirƙiri ƴan ta'adda da hannunsu, wancan ya ce ba ruwan Bature, mu ne muka kasa riƙe gidanmu. Tambayoyin nan daga bakin ɗalibai da ƴan kasuwa da yaran gida na ji su. Amsoshin nawa ne, wanda ya ga kuskure ya gyara.

Da gaske ne shigowar sojojin waje na haifar da ƴan ta'adda, ko dai zancen fada ne?

Da gaske ne. Masu tsattsauran ra'ayi akwai su a kusan kowace ƙasa, ƴan tsiraru, suna ta wa'azinsu ba mai kula su. Makami suka rasa, da fili, da mabiya masu jin haushi, yaƙin da baƙo ya kawo kuwa yakan samar musu da waɗannan a lokaci guda. Hukuma ta rushe, rumbunan makamai su zama na mai rabo ka ɗauka. Bam ya faɗa kan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, danginsa su ƙulla gaba. Shi kuma mai wa'azin ya samu hujjar da ya daɗe yana nema, ya nuna da yatsa ya ce, "Ga su nan, ba na gaya muku ba?" Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bangon da tsagarsa tun da can, amma wanda ya zo ya doka masa guduma ba zai ce ba hannunsa ba.

Ina misalin da ya fi fitowa fili?

Iraƙi. A watan Maris 2003 Amurka da Ingila suka afka wa ƙasar, wai Saddam Husaini na ɓoye da makaman ƙare dangi, makaman da aka nema aka rasa. Cikin mako uku Bagadaza ta faɗi. Ɓarnar da ta fi ta bama-bamai da alƙalami aka yi ta. A watan Mayu, Paul Bremer, wanda Amurka ta ɗora kan ƙasar, ya sa hannu a kan umarni biyu. Na farko ya kori manyan ƴan jam'iyyar Ba'as ta Saddam daga aikin gwamnati, har da malaman makaranta. Na biyu ya rusa rundunar sojan ƙasar ɗungurungum. Kimanin mutum 400,000 waɗanda harbi ne sana'arsu suka wayi gari ba aiki ba albashi, da yawansu kuma bindigoginsu na hannunsu. Ka ƙaddara gobe da safe a ce an sallami duk sojan Nijar da jandarmomi, kowa ya je ya nemi na tuwo.

A wannan rikici ne Abu Mus'ab Zarƙawi, ɗan ƙasar Jodan da ba shi da wani tarin jama'a, ya yi ƙarfi, ya yi wa Usama bin Ladan mubaya'a a 2004. A shekarar ce kuma hotunan wulaƙancin da aka yi wa fursunoni a kurkukun Abu Guraib suka zagaye duniya, suka yi wa ƙungiyar tallan da kuɗi ba zai saya ba. A wani sansanin tsare mutane da ake kira Bukka, a kudancin ƙasar, Amurkawa suka haɗa tsofaffin hafsoshin Saddam da masu iƙirarin jihadi wuri guda, masu ilimin yaƙi da masu aƙida suka san juna. Abubakar Bagadadi ya zauna a can a 2004. Shekara goma bayan haka, a watan Yuni 2014, mutanensa, ƙungiyar da ake kira Da'ish, suka ci Mosul, a farkon Yuli ya hau mumbari ya kira kansa halifa. Wariyar da gwamnatin Nuri Maliki ta nuna wa ƴan Sunna da yaƙin Siriya su ma sun taimaka. Sunan da aka raɗa a Mosul ɗin nan, shi ne yau ake kashe mutane da shi a Tilaberi da arewacin jiharmu.

Afganistan fa? Me ya haɗa mu da ita?

Igiya ce doguwa, amma ba ta tsinke ba. Tarayyar Sobiyet ta shiga Afganistan a Disamba 1979. Amurka da Saudiyya suka zuba kuɗi da makamai ta hannun hukumar leƙen asirin Pakistan, dubban matasan Larabawa suka tafi yaƙi, aka kafa Alƙa'ida a Peshawar a 1988. Da Sobiyet ta janye a 1989, mayaƙan suka watsu. Waɗanda suka koma Aljeriya sun tarar an soke zaɓe a Janairu 1992, ƙasa ta kama da wuta, suka shiga sahun gaba a GIA, ƙungiyar masu iƙirarin jihadi da ke yaƙar gwamnati. Daga cikinta GSPC ta ɓalle a 1998, ta gangaro Sahara, ta sauya suna zuwa AQMI, wato reshen Alƙa'ida na Magrib, a 2007. Muktar Belmuktar na cikin waɗanda suka koyi yaƙi a Afganistan, shi ne kuma, tare da MUJAO, wata ƙungiyar da ta ɓalle daga AQMI, ya ɗauki alhakin harin da aka kai barikin soja na Agadas da ma'aikatar uraniyom ta Arlit ranar 23 ga Mayu 2013.

Kullum sai a ce Libiya ce mafarin masifarmu. Me ya faru takamaimai?

Mutumin Tawa ba sai an ba shi labarin wannan ba. Gidaje nawa ne a ƙasar Adar da abin da ɗan ci-rani ya aiko daga Sabha ko Tarabulus ake ɗora tukunya? A 2011 mun ga manyan motoci na sauke mutane, sun sha ƙurar Dirku da Agadas har ba ka gane fuska. Wani maƙwabcinmu da ya shekara takwas yana gadi a can ya dawo da katifa ɗaya a naɗe da jarka biyu, kuɗinsa na wajen maigidan da ya gudu. Kwana uku bai iya magana ba. Ya ce a shingen ƴan tawaye baƙar fata kawai ake dubawa, a ce maka sojan hayan Gaddafi. Fiye da ƴan Nijar 200,000 suka dawo a wannan shekara, ga shi kuma damina ba ta yi kyau ba.

Ranar 17 ga Maris 2011 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1973, don a kare fararen hula, musamman na Bangazi. Faransa da Ingila da Amurka, sannan ƙungiyar OTAN, suka faɗaɗa shi ya koma kifar da gwamnati. Tarayyar Afirka ta kawo shawarar sulhu aka yi watsi da ita. Shugaba Mahamadu Isufu, ɗan jihar nan, ya halarci taron ƙasashen G8 a Dovil cikin watan Mayu, ya gargaɗe su cewa Libiya na iya komawa Somaliya. Ba a saurare shi ba. A watan Yuni sojojinmu suka yi arangama da wani ayari a arewacin Arlit, suka kama nakiya samfurin Semtex fiye da kilo 600. An kashe Gaddafi a Sirt ranar 20 ga Oktoba, rumbunan makamansa na shekara 42 suka zauna ba mai gadi.

Abzinawan Mali da ke cikin rundunarsa suka koma gida da motoci da manyan bindigogi. Ɗaya daga cikinsu, Kanal Muhammad Ag Najim, ya zama kwamandan ƙungiyar MNLA mai neman ɓallewar arewacin Mali. Suka buɗe wuta a Menaka ranar 17 ga Janairu 2012, sojoji suka yi juyin mulki a Bamako a watan Maris, cikin kwana uku Kidal da Gawo da Tumbutu suka faɗi. Kafin ƙarshen Yuni, Ansaruddin ta Iyad Ag Gali da MUJAO da AQMI sun ture MNLA gefe, sun mallake garuruwan. A 2016 Barack Obama da bakinsa ya ce rashin shirya abin da zai biyo bayan Gaddafi shi ne kuskurensa mafi muni a mulki.

To me ya sa arewacin Mali ya faɗi, namu bai faɗi ba?

Nijar ta tare masu dawowa ta karɓe makamai, Mali ta bar su suka shige da kayansu, har tarba aka yi musu. A nan, an riga an jawo tsofaffin ƴan tawaye cikin soja da mulki tun yarjejeniyar 1995, an kuma naɗa Briji Rafini, Ba'abzine daga Iferwan, firaminista a Afrilu 2011. A Mali kuwa, mutanen GSPC sun zauna a arewa tun 2003, sun yi aure, suna cinikin garkuwa da Turawa, Bamako ta kau da kai. Guguwa ɗaya ce ta taso, rufin wani ya tashi, na wani ya tsaya.

Ai Faransa ta ceci Mali a 2013. Ta yaya ceto ya koma matsala?

Ceton an yi shi, kada mu ci amanar tarihi. Da rundunar Faransa mai suna Serval ta sauka ranar 11 ga Janairu 2013 bayan faɗuwar Konna, gwamnatin Mali ce ta roƙa, mutanen Tumbutu kuma sun yi ta guɗa. Sai dai korar mayaƙa daga birni ba ta gama da su. Sun watsu cikin daji, sun bar Kidal da duwatsun Ifogas, sun gangaro wuraren da jama'a ke da yawa da rigingimun gona da kiwo. An sauya Serval da Barkan a Agusta 2014, sojojinta suka kai 5,100. Shugabanni an kashe su: Abdulmalik Drukdel na AQMI a 2020, Adnan Abu Walid Sahrawi, jagoran Da'ish a Sahara, a 2021. Duk da haka a cikin waɗannan shekaru ne Katibar Masina ta Amadu Kufa ta bayyana a 2015, Sahrawi ya yi wa Da'ish mubaya'a a shekarar, aka haɗa JNIM, gamayyar ƙungiyoyin da ke bin Alƙa'ida, a Maris 2017, wuta ta tsallaka Burkina Faso. Mu a jihar Tawa mun ɗanɗana tun Oktoba 2016, da aka kashe jami'an tsaro 22 a Tazalit.

Baƙon da ya zo kwana biyu ya shekara goma, ko alheri yake yi an fara tambayar me ya zaunar da shi. A ƙauyen Bunti na Mali, a Janairu 2021, jirgin Faransa ya kai hari, binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce taron biki ne, fararen hula 19 suka mutu. Faransa ta ce ƴan ta'adda ta kashe. A Tera kuma, cikin Nuwamba na shekarar, mutum uku suka mutu yayin da matasa suka tare ayarin sojan Faransa.

Kisan Tilliya fa? Yaya yake da alaƙa da wannan?

A nan ne nake ganin maganar ta fi nauyi. A iyakar Mali da Nijar, daga Menaka zuwa Banibangu zuwa Azawak, an daɗe ana rikici tsakanin Fulani makiyaya da wasu ɓangarorin Abzinawa da Dausahak a kan rijiyoyi da makiyaya da satar shanu. Bafulatanin da aka kore masa garke ya kai ƙara, ba a dawo masa da ko maraƙi ba. Da MUJAO ta kama Gawo a 2012, wasu samarin Fulani suka tafi can neman bindigar da za su tsare dabbobinsu, ba neman karatu ba.

A 2017 da 2018, Barkan da hukumomin Nijar suka haɗa kai da ƙungiyoyi biyu masu makamai na Mali, MSA ta Musa Ag Asharatuman da GATIA ta Janar Alhaji Ag Gamu, don farautar mutanen Sahrawi. A lissafin soja abin ya yi daidai, da ɗan gari akan ci gari, su suka san dajin. Amma ɗan garin na da nasa bashin gabar. Jirgi na sama, shi yana ƙasa yana nuna rugar wanda suke takun saƙa da shi. Aka kashe makiyayan da ba ruwansu, Sahrawi kuma ya buɗe hannu ya ce duk mai neman kariya ya zo. Ya rasa mayaƙa a fagen fama, ya mayar da ninkinsu daga rugage. Abin da ya biyo baya kowa ya sani: Inates, 10 ga Disamba 2019, sojoji 71, Cinagodar, 9 ga Janairu 2020, sojoji 89.

Daga nan faɗan ya sauka kan ƙauyuka. Wanda ya ƙi ba da abin da suke kira zakka, ko aka zarge shi da kafa ƴan sa-kai, sai a zo masa a kan babura. Ranar 21 ga Maris 2021, a Intazayen da Bakorat da Wistan cikin gundumar Tilliya, an kashe mutum 137, yawancinsu Abzinawa, wasu a bakin rijiya suna shayar da dabbobi. Matuƙin jirgin da ke kallon allo ba ya iya bambance makiyayi da mayaƙi, rawani ɗaya ne, babur ɗaya ne. Dole ya dogara da mai nuna masa, mai nunawar kuma ɗan wani dangi ne.

Ana cewa Faransa ce ke ba su makamai a ɓoye. Haka ne?

Abin da aka tabbatar ma ya isa tuhuma, ba sai an ƙara gishiri ba. Faransa ta amsa cewa ta jefa wa ƴan tawayen Libiya makamai daga sama a duwatsun Nafusa a Yuni 2011. Ta shiga Kidal a 2013 ba tare da sojan Mali ba, ta yi aiki da MNLA, abin da mutanen Bamako ba su yafe ba har yau. Ga kuɗin fansa: binciken jaridar New York Times a 2014 ya ƙiyasta cewa rassan Alƙa'ida sun samu aƙalla dalar Amurka miliyan 125 tun daga 2008, galibi daga ƙasashen Turai. Amma bindigogin da ke hannunsu, yawanci daga Libiya suka fito, ko daga barikokin sojojin yankin da suka fasa, ko kasuwar bayan fage. Duk barikin da aka ci, motoci da harsasai sun tafi. Ina gudun labarin jirgi mai saukar angulu da ke sauke akwatuna cikin dare, don yana sa mu daina tambayar wa ke sayar musu da fetur, wa ke sayen shanun sata a kasuwanninmu.

Boko Haram fa? Wane baƙon soja ya haife ta?

Babu. A Maiduguri ta tsira, ta haukace bayan ƴan sanda sun kashe Muhammad Yusuf a hannunsu a Yuli 2009. Makaman Libiya da mubaya'ar Da'ish a 2015 daga baya suka zo. Sojan gida ma in ya yi aikin baƙo a kan jama'arsa, sakamakon ɗaya ne.

Ba aƙida ce ke kai yaro daji ba?

Shugabannin na da aƙida, kuma muguwa ce, malamanmu sun sha rushe ta da hujja. Yaron da ke bayan babur labarinsa daban. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi hira da ɗaruruwan tsofaffin mayaƙa a Afirka, ta fitar da sakamako a 2017. Kashi 71 cikin 100 sun ce abin da ya tunzura su a ƙarshe shi ne aikin hukuma, kamar kashe ko kame ɗan'uwa ko aboki. Fiye da rabi kuma sun amsa cewa saninsu ga littattafan addini kaɗan ne ko babu. A gida ma, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ta bayar da rahoto a Satumba 2020 cewa ta gano gawarwakin fararen hula 71 a yankin Inates, ta ɗora alhakin a kan wasu jami'an tsaro, gwamnati ta musanta. Kowace gawa a cikinsu tana da ƙanne.

Rasha fa? Ai su ba ƴan mulkin mallaka ba ne.

Harsashi ba ya duba tuta. A Mura, cikin Mali, a watan Maris 2022, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce sojan Mali da wasu fararen fata baƙi sun kashe aƙalla mutum 500 a cikin kwana biyar, ranar kasuwa aka fara. Bamako ta yi watsi da rahoton. Kamfanin sojan haya na Rasha, Wagner, ya shiga Mali a ƙarshen 2021, JNIM kuwa ba ta ragu ba, har cikin Bamako ta kai hari a Satumba 2024. Sobiyet ɗin da ta shiga Afganistan ma daga Mosko ta taso.

To sun tafi. Me ya sa abin bai ƙare ba?

Wanda ya kunna wuta a daji, tafiyarsa ba ta kashe ta. Amurka ta fita Iraƙi a 2011, Mosul ta faɗi a 2014. Ƙungiyoyin nan yanzu suna cin gashin kansu: haraji a kan dabbobi, rijiyoyin zinariya, fasa-ƙwaurin fetur, kuɗin fansa. A wasu ƙauyuka su ne alƙalai, su ke raba faɗan gona. An bar sansanin jirage marasa matuƙa na Agadas, wanda ya ci kimanin dalar Amurka miliyan 110, a watan Agusta 2024, amma ranar 21 ga Maris 2025 an kashe masallata 44 ana sallar Juma'a a Fambita. Matakan da ake ɗauka ma wani lokaci kan talaka suke ƙarewa. In aka hana hawa babur aka rufe kasuwa, ɗan kabu-kabu ya zauna ba sana'a, mai ɗaukar mayaƙa kuma ya san inda zai same shi.

"Kawu, da CEDEAO ta kawo yaƙi a 2023, da mu ma mun zama Libiya?"

Ɗan ƙanwata ne ya yi mini wannan tambaya, kan barazanar da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta yi ta turo dakaru bayan juyin mulkin Janar Tiani. Na ce masa, ɗana, akwai shigar da ba ta haifi ta'addanci ba, kamar ta Ingila a Saliyo a 2000 da ta CEDEAO a Gambiya a 2017. Can akwai zaɓaɓɓiyar gwamnatin da za a miƙa wa ragama, jama'a na so, kuma babu Da'ish a bayan gari tana jira. Mu kuwa, sojan da ke gadin Tilliya da Tasara shi za a janye a kawo shi tsaron Yamai, gurbin da ya bari kuma an san masu cika shi. Mutanen Sakkwato da Katsina sun gane haka, shi ya sa ƴan majalisar dattawan arewacin Najeriya suka ƙi amincewa, Sarkin Musulmi ya biyo Janar Abdussalami Abubakar zuwa Yamai, tawagar malamai kuma ta gana da Janar Tiani a watan Agusta. Dakarun ba su taso ba. An dai yanke mana wutar lantarki, iyakar Ƙonni da Illela ta zauna a rufe har Maris 2024, manoman Galmi na kallon albasarsu a rumbu.